Rumfar Gunera

A garin da na tashi, cikin ƙasar Zazzau, baƙon da ya zo neman dattijo ba ya tambayar gidansa, inuwarsa yake tambaya. A ce masa, "Miƙe nan, za ka same shi gindin ɗurumi," ko kuwa, "Yana ƙarƙashin ceɗiyar bakin masallaci." Ya je ya yi sallama, a matsa masa a tabarma. Ba wanda ya san da zuwansa, ba kuma wanda zai tambaye shi abin da ke tafe da shi sai ya sha ruwa. A Hyattsville, wani gari a jihar Maryland ta Amurka kusa da Washington, inda na zauna bayan na ajiye aikin tafinta da ya yi ta yawo da ni daga wannan ƙasa zuwa waccan, abin ba haka yake ba. Kafin ka ga abokinka sai ka buga masa waya, ya duba ko yana da aiki, ku tsayar da rana, ka tuƙo mota, ka danna ƙararrawa, a shigar da kai falo a yi maza a rufe ƙofa kada sanyin na'ura ya fita. Hirar falo kuwa ba ta da sakewa. Mai gida yana tunanin abin da zai kawo maka, kai kana tunanin lokacin da ya dace ka tashi.

Gidanmu yana da ɗan fili a baya, da wata ƙaramar ƙofar katako ta gefe wadda mutum zai iya shigowa ta cikinta ba tare da ya ratsa ɗakuna ba. Tun ranar da na ga ƙofar nan na ce a raina ga majalisa. Abin da ya rage inuwa. Filin yana kallon yamma, daga azahar har faɗuwar rana ba inda za ka tsaya. Da akwai babbar bishiya a wurin, wanda ya sayar mana da gidan ya sare ta don saiwarta ta fasa bututun ruwa, mai gyaran famfo kuma ya gargaɗe ni kada in kuskura in dasa wata. Ko ba don bututu ba, na riga na haura sittin. Bishiyar da zan dasa jikokina ne za su sha inuwarta, su kuwa ba zaman waje suke yi ba.

A nan ne wata shuka da ake kira gunera ta faɗo mini a rai. Na fara ganinta a yammacin Ailan, an kai mu wani tsohon lambu bayan mun tashi daga taro. Ruwa ya tsinke, kowa ya watse, ni kuma na ruga ƙarƙashin wani abu da na zaci rumfa ce. Da na ɗaga kai sai na ga ganye ne, ƙwaya ɗaya tak, ya fi laimar 'yan kasuwa faɗi, ruwa yana bin jijiyoyinsa yana tsiyaya ta gefe. Sandar da ke ɗauke da shi ta kai kaurin taɓarya, duk jikinta ƙaya. Na shafa ganyen na ji shi da kaushi kamar harshen saniya. Shekaru bayan haka na sake gamuwa da 'yar'uwarta a kudancin Chile, inda ake kiranta nalka, ana ɓare sandar a ci da gishiri, tsaminta kamar na ɗanyar yakuwa. A tsaunukan Kosta Rika kuma direbanmu ya nuna mini wata a bakin hanya, ya ce sunanta a wurinsu laimar talaka. Duk wurare ukun abu ɗaya na lura da shi: ƙafarta tana cikin laima, ko bakin rafi, ko gefen kududdufi.

Sai na yi lissafi irin na wanda ya tashi kusa da fadama. Duk wani abu mai faffaɗan ganye da na sani, gwaza ne, ayaba ce, gwanda ce, zafi yake so da ruwa. A wurinmu rana ba ta kashe shuka, ƙishirwa ke kashewa. Idan kuwa shukar nan ta kai tsayin mutum a ƙasar da rana take leƙowa kamar baƙuwa mai kunya, ina ga ta samu ranar Maryland? Ba bishiya ba ce balle saiwarta ta taɓa bututu, kuma an ce cikin 'yan shekaru take cika girma. Abin tsoro ɗaya ne, sanyi, don shi na sani yana kashe kayan ƙasashen zafi a nan.

Na nemo masu sayar da ita can gaɓar yammacin Amurka, na yi magana da wata mata a waya. Da ta ji inda nake sai ta ce in nema wa shukar wuri mai inuwa. Na yi mata godiya, a raina kuwa na ce wannan maganar mutanen da suke shafa mai kafin su fita rana ce. Ni inuwa nake nema daga shukar, yaya zan kai ta inda akwai inuwa? Mai ba da inuwa ai a rana yake tsayawa.

Ta iso cikin kwali a farkon bazararsu, wani dunƙule mai gashi-gashi kamar kan gwaza, da 'yan ganye biyu da ba su fi tafin hannu ba. Uwargida ta leƙa kwalin.

"Wannan ne za ku zauna a ƙarƙashinsa?"

"Hajiya, ki ba ta lokaci."

"Ni ba ni da gaggawa. Ina dai tambaya ne in san tabarmar da zan tanada, ta mutane ko ta tururuwa."

Na haƙa rami a tsakiyar filin, daidai inda rana ta fi duka. Ƙasar wurin jan yumɓu ce mai danƙo, irin wadda masu ginin tukwane za su yi murna da ita. Na cakuɗa ta da taki, na ɗaga gefen ramin kamar yadda masu lambu suke yi wa albasa don ruwa ya kwanta, na jawo tiyo. Shekarar farko ganyenta bai wuce faifai ba. Da la'asar sai ya langaɓe, da asuba ya miƙe. Na ɗauka ƙishirwa ce, na ƙara ruwa.

Da sanyi ya ƙarato na yi mata yadda na ga masu lambu suna yi a Ailan: a sare ganyen, a kife shi a kan dunƙulen kamar an sa mata malafa. Ban yarda da wannan kaɗai ba. Na ƙara busasshiyar ciyawa, na ƙara buhu, na ɗauko wani tsohon bargo da na saya a Damagaram na lulluɓe, na danne da bulo. A cikin shekarun ne aka yi wani hunturu da dusar ƙanƙara ta zuba har ta binne motoci, aka yi kwanaki ba a ganin ko alamar inda take. Na fid da rai. Amma da ƙanƙara ta narke na yaye bargon, sai ga wani abu jajaja yana turowa kamar an dunƙule hannu, yana buɗewa yatsa-yatsa.

Abin da ta yi a watan Afrilu da Mayu na shekarar nan har yau yana ba ni mamaki. Sai ka kwanta ka bar ganye kamar murfin tukunya, ka tashi ka tarar ya zama tire. Na riƙa kafa sanda a gefenta ina sa alama da wuƙa. Daga tsakiya ta fitar da fure mai kama da goyon masara, kore da ja, ba ƙamshi ba kyau, amma ido ba ya gajiya da kallonsa. Lokacin ne na kasa haƙuri, na buga wa abokaina biyu waya.

Ɗaya likita ne, Bakano, yana aiki a wani asibiti cikin Washington. Tun da ya ji ni Bazazzagi ne bai taɓa barina na huta ba. Ɗayan mutumin Kumasi ne, direban tasi, mai Hausar Zango wadda kusan komai namiji ne a cikinta. Suka tsaya a kan shukar, wadda a lokacin ta kai mini ƙugu.

Likita ya ce, "Alhaji, wannan ce inuwar da aka tara mu? Ko ƙadangare ya shiga sai ya naɗe wutsiya."

"Kai dai Bakano ba ka san a jira abu ba. Da taka ce da tuni ka yanka ta ka kai kasuwa."

"Da dai taka ce, ga ta. Ku Zage-zagi in kun ga ganye ba abin da ke zuwa muku sai fate. Faɗa mana gaskiya, tsaki nawa ka tanada?"

Mutumin Kumasi bai kula mu ba. Ya tsuguna yana murza ganyen tsakanin yatsunsa. "Wannan ba ya ciwuwa, zai yanka maƙogwaro. Ganye babba haka, ba miya? Bari ni kawo maka gwaza ka sa kusa da shi, Hajiya ya samu kontomire." Wato miyar ganyen gwaza da suke yi a can. Bayan 'yan kwanaki ya ajiye mini kawunan gwaza da ya sayo a wani kantin kayan Afirka a Wheaton. Na binne su a gefen ramin, ƙasa ɗaya, ruwa ɗaya.

Da Yuli ya shiga sai na ga abin da ban taɓa gani ba. Gwaza ta yi tsalle, ganyenta yana sheƙi, kullum sabo. Gunera kuwa, ƙafarta cikin laka, ganyenta ya fara ƙonewa daga baki kamar an gasa shi, ƙunar tana cin ciki. Na ƙara ruwa har sauro ya kafa gari. Ban taɓa ganin shuka tana tsaye cikin ruwa tana mutuwar ƙishirwa ba, abin ya tsaya mini a rai. Na duba ko tsutsa ce, babu. Na canza taki. Na tono gefe in ga ko ɓera ne yake cin saiwar.

Wata rana da yamma ina tsaye ina kallonta, uwargida ta fito tsinkar ganyen gwaza. Ta tambaye ni ƙasashen da na ce na gan ta, na lissafa mata.

Ta ce, "Duk ni na haɗa maka akwati. A tafiyar Ailan har ka bugo waya kana cewa rigar sanyi ɗaya ba ta ishe ka ba."

"Ai damina ce a can lokacin."

"Watan nan ne dai da muke ciki. Na tuna don ana bikin ƙanwata ka tafi."

Ta shige da ganyenta, ta bar ni da tunani. Gaskiya ne, a Ailan cikin Yuli da rigar ulu nake yawo. A Chile tsakiyar lokacin zafinsu ne, amma iskar teku sai da ta sa na ɗaura mayafi a wuya. A Kosta Rika kuwa muna can saman dutse, hazo yana shiga mota ta taga. Na ga ruwan da ke ƙafar shukar, ban ji iskar da ke jikina ba, don baƙo daga ƙasar zafi duk inda ya je sanyi yake ji, ba ya ɗaukarsa a bakin komai.

Washegari bayan sallar asuba na fita na tsaya kusa da ita. Iskar tana da ɗumi da nauyi, kamar tururin tukunyar da aka sauke ba a buɗe ba. Wannan shi ne zafin Washington: ba ya kai na Sakkwato cizo da rana, amma ba ya tafiya. Na yi zama a Bamako da Yamai, inda rana take neman fasa kai, na kuma ga lambuna kore shar a bakin kogi. Sai dai abin da ke cikinsu ɗan gida ne. Ita wannan 'yar tsauni ce da hazo, ganyenta yana fitar da ruwa fiye da yadda saiwa za ta iya ɗebowa, dare kuma ba ya ba ta hutu. Na yi ta tunanin inda za ta yi a Nijeriya. Watakila a Mambila, watakila a wani kwari mai inuwa a Jos. A Zariya dai gwaza ce sarauniya.

Ba ni da ikon canza iskar gari. Abin da zan iya shi ne in tare mata rana. Na kira mutumin Kumasi, muka je kantin kayan gini muka sayo ginshiƙai, ya zuro su ta tagar tasi yana addu'ar kada 'yan sanda su gan mu. Zana ba ta samuwa a nan, sai wani asabari na siraran gora da suke katange lambu da shi, shi muka shimfiɗa a sama. Na sa aka ɗaga rumfar sosai, kuma aka faɗaɗa ta, don har lokacin ina sa ran ganyen zai wuce kan mutum.

Asabar ta gaba ina zaune a kan bokiti ina kallon majinyaciyata, sai na ji ƙofar gefe ta yi ƙara. Likita ne, da leda cike da lemo a hannu. Bai bugo waya ba.

"Salamu alaikum. An ce an kwantar da ita, na zo dubiya. Yaya mai jiki?"

"Da sauƙi, Likita. Ba ka faɗa mini za ka zo ba."

"Wa ya taɓa neman izinin dubiya? Kawo kujera." Ya kama sandar ganyen da yatsa biyu kamar mai jin bugun jini, ƙaya ta soke shi, ya yarfe hannu. "Tana da sauran ƙarfi. Amma Alhaji, ni tun da nake ban taɓa ganin wanda ya dasa inuwa ya koma yana yi mata inuwa ba sai Bazazzagi."

Muka zauna a gefen rumfar, inda ganye bai kai ba, muka ɓare lemon da aka kawo wa mara lafiya. Likita ne ya baza labari a masallacin Juma'a. Asabar ta biye mutumin Kumasi ya ajiye tasinsa ya shigo, tare da wani ɗan Maraɗi mai gadi a wani ofishin jakadanci, wanda ya zo da butar shayi da ɗan murhunsa. Kowa ya shigo sai ya fara tsayawa a kanta ya ce "Yaya mai jiki?" kafin ya gaishe ni. Kuma kamar kowace dubiya, kowa da maganinsa. Wani ya ce toka, wani ya ce a jiƙa buhu a rataya. Ɗan Maraɗi ya ce a zuba mata ƙanƙara a gindi, na gwada, ganye ya ɗan ɗago na sa'a guda ya koma. Har fanka na jawo mata da doguwar waya. Mu muka fi ta morewa. Ana cikin gardamar magani sai a zarce zuwa labarin gida, da tsadar haya, da yaran da ake yi wa Hausa suna amsawa da Turanci. Ba wanda yake duba agogo.

Rumfar ta taimaka, ta kai ta ƙarshen zafin shekarar da ganye biyu masu rai. Da sanyi ya zo sai suka yi musanya da gwaza: dare ɗaya na raɓar ƙanƙara ya narkar da gwaza ta zama kamar dafaffen alayyafo, gunera kuwa ta kwana lafiya a ƙarƙashin bargonta. Na yi ta mamakin yadda abu biyu masu kama da juna a ido suke zaune a rami ɗaya, kowanne abin da ke rayar da shi ne ajalin ɗan'uwansa. Da bazara ta dawo gunera ta sake fitowa, amma ba da ƙarfin da ba, 'yan dubiya ma suka dawo.

A watan Agusta na shekarar ne ta tafi. Ganyen ƙarshe ya kwanta bai tashi ba. Na danna dunƙulen da yatsa, yatsan ya shige kamar cikin ruɓaɓɓiyar kabewa, wari ya taso. Ranar Talata ce. Na tone ta, na cike ramin, na tsaya ina kallon rumfa fayau ba komai a ƙarƙashinta.

Rashin shukar bai dame ni kamar abin da zai biyo baya ba. Mutanen nan dubiya suke zuwa. Ita ce ta ba su hujjar tura ƙofar mutum ba sanarwa a ƙasar da ba a yin haka. In babu majinyaciya, ina tsoron kowa zai koma ga wayarsa da "in ka samu lokaci". Har na ɗauko lambar matar nan ta gaɓar yamma.

Uwargida ta ce, "Wata za ka sake sayowa?"

"Ina tunani."

"Ka san ba za ta yi ba."

"Na sani."

"To, baiwar Allah tana can cikin sanyinta lafiya, ka ɗauko ta ka kawo ta nan ta sha wuya don ku sha shayi?"

Na ajiye wayar. Ban gaya wa kowa ba har Asabar. Likita ya fara shigowa, ya nufi wurin da ya saba tsayawa, ya tarar da sabuwar ƙasa. Ya cire hula ya sosa kai ya mayar.

"Yaushe?"

"Talata."

"Aka rufe ta ba a gaya wa likitanta ba? Allah ya ba da haƙuri, Alhaji. Ta yi fama." Ya juya ga sauran da suke shigowa. "Ku zauna, yau zaman makoki ne. Shayin a ƙara masa sukari, mai gida yana cikin ɗaci."

Aka jawo kujeru har tsakiyar rumfar, inda da ba a iya zama. Aka yi dariya, aka watse da magariba. Amma makoki yana da iyaka, shi ya sa Asabar ta gaba na fito da kujeru ban san ko za a zauna a kansu ba. La'asar ta yi, ta fara sanyi. Ina shirin mayar da su sai ga mutumin Kumasi, bai ce yaya mai jiki ba, bai ce yaya haƙuri ba, ya ce, "Alhaji, matsa, nan ne wajena." Ɗan Maraɗi ya biyo shi da butarsa. Likita ya zo a makare daga asibiti, yana faɗan an cinye masa gyaɗa.

Ban sake dasa gunera ba. Daga shekarar nan, tun daga Mayu har sanyi ya kore mu, ƙofar gefe a buɗe take wuni ranar Asabar, kuma ba wanda ya sake bugo mini waya kafin ya zo.